Talotalon Scrooge da Albashin Akawu

A Ingila babu ranar da Musulmi ke da farin jini a wurin aiki kamar 25 ga Disamba. Tun Nuwamba ta kama za ka ga abokan aiki suna yi maka fara'ar da ba su saba ba. Wannan ta ce 'ya'yanta ƙanana ne, wancan ya ce mahaifiyarsa ba ta da kowa sai shi, kowa dai so yake ka karɓar masa ranar. Ni kuwa ba na gardama. Aikina kula da tsofaffi ne a wani gida da ke gefen Manchester, kuma cinikin bai yi mini tsada ba: in tsaya musu ranar Kirsimeti, su tsaya mini ranar Sallah. Da haka na zama ɗan kallo a bikin da ba nawa ba, ina riƙe da faranti da cokali, ina ganin abin da masu bikin ba su cika tsayawa su gani ba.

Ranar gari mutuwa yake yi murus. Jirgin ƙasa ba ya tashi, bas sai an yi sa'a, manyan kantuna kuwa wata doka ta 2004 ta hana su buɗewa. Kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, mutum ya yi Azahar da La'asar da Magariba kusan a zama ɗaya. A cikin gida komai da ƙa'idarsa. Katunan gaisuwa a jere bakin taga, bishiya mai fitilu a lungu, gasasshen talotalo da dankali, hulunan takarda da ake ɗora wa tsofaffi a ka ko suna so ko ba sa so. Ƙarfe uku a kunna talabijin a saurari jawabin Sarki. Bayan jawabi a saka fim, kuma wanda suka fi nema shi ne na 1951, baƙi da fari, inda Alastair Sim ya fito a matsayin wani tsohon marowaci mai suna Scrooge. Sun san labarin kamar yadda ɗan Bahaushe ya san Gizo da Ƙoƙi. Wasu da ba sa iya tuna sunan jikokinsu sukan riga 'yan wasan faɗin abin da za su faɗa.

Wanda ya tashi a Arewa da tunanin coci yake zuwa, don haka muka ga maƙwabtanmu Kiristoci suna yi: sabon ɗinki, ibada tun safe, sannan a aiko mana shinkafa da kaza a kwano. A nan kuwa cikin waɗanda nake kula da su ƙalilan ne ke ambaton coci. Wata tsohuwa da ta ƙare ƙarfinta a koyar da adabi a sakandare ta lura ina yawan kallon abin da ake yi, sai ta ce da ni: "Ɗan nan, rabin abin da ka gani a ɗakin nan ba daga Linjila ya fito ba. Marubuta ne suka rubuta mana, muka karanta, ya burge mu, muka ce ai dama haka kakanninmu suke yi."

Ta ɗan yi ƙari, amma ba ta yi ƙarya ba. Bikin tsoho ne a ƙasar, sai dai ya sha faɗi-tashi. A 1647 majalisar Ingila, lokacin da masu tsattsauran ra'ayin addini ke da rinjaye a cikinta, ta haramta shi ɗungurungum, don a ganinsu shaye-shaye ne da holewa aka sa wa rigar addini. Sai da sarauta ta dawo a 1660 aka ci gaba. A Massachusetts ta Amurka, daga 1659 zuwa 1681, tara ake cin wanda aka kama yana bikin. Mutanen Scotland sai 1958 ranar ta zama hutun gwamnati a wurinsu. Da masana'antu kuma suka kwashe mutane daga ƙauyuka suka jibge su a Manchester da Leeds da Birmingham, tsohon bikin karkara na kwana goma sha biyu, wanda mai ƙasa ke buɗe gidansa ga talakawansa, ya rasa mazauni. Mai masaƙa ba zai kashe injinsa kwana goma sha biyu don wani shagali ba.

Ana cikin haka Charles Dickens ya zo Manchester a Oktoban 1843 don yin jawabi a Athenaeum, wata cibiyar ilimi ta birnin. Ginin na nan a titin Princess, nakan wuce ta gabansa in na shiga gari. Shekarunsa 31, ya riga ya yi suna, amma ransa a jagule yake. A farkon shekarar ya karanta rahoton hukumar da gwamnati ta kafa kan yaran da ake sa aiki a masana'antu, daga baya kuma ya leƙa wata makarantar yara marasa galihu a Field Lane ta Landan. Abin kuwa ba a takarda kaɗai ya san shi ba. Mahaifinsa akawu ne a ofishin biyan albashin sojan ruwa, a 1824 aka kulle shi a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma yana ɗan shekara 12 aka tura shi masana'antar man takalmi yana liƙa takarda a jikin kwalabe kan sule shida a mako. Da farko ƙasida ya yi niyyar rubutawa, kira ga jama'a a madadin ɗan talaka. Daga baya ya sauya shawara ya koma labari. A ganina nan dabarar take. Ƙasida waɗanda suka riga suka yarda da kai ne ke saye. Labari kuwa har gidan wanda kake zargi yake shiga, matarsa ta karanta wa 'ya'yansa yana zaune yana ji.

Cikin mako shida ya gama. A Christmas Carol ya fito ranar 19 ga Disamba 1843, kafin jajiberin Kirsimeti kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare. Labarin gajere ne, ana cinye shi a zama ɗaya. Ebenezer Scrooge attajiri ne a Landan, ba mata ba ɗa, yana da akawu guda mai suna Bob Cratchit da yake biya sule 15 a mako, yana kuma sa ido a kan kwal ɗin da zai zuba a murhu. Ana jajiberi masu tara wa matalauta taimako suka shigo ofishinsa, ya sallame su hannu wofi, hujjarsa ita ce akwai kurkuku da gidajen aikin dole na matalauta, kuma da kuɗin harajinsa ake tafiyar da su. Da dare fatalwar abokin kasuwancinsa Jacob Marley, wanda ya shekara bakwai da mutuwa, ta zo masa ɗaure da sarƙoƙi. Wasu uku suka biyo baya. Ɗaya ta mayar da shi yarintarsa, ɗaya ta zaga da shi gidajen mutane a ranar bikin, ta ƙarshe ta nuna masa kabarinsa da yadda aka wawashe kayansa ba mai zubar da hawaye. Gari na wayewa ya tashi wani mutum daban. Dickens bai bar littafin a kanta ba. Daga Disambar 1853, da ya fara karanta shi ga taron jama'a a Birmingham, har 1870 da ya mutu, ya yi ta yawo da shi a Ingila, ya kai shi har Amurka.

Masu cewa shi ya ƙirƙiri Kirsimeti sun zarce gona da iri. A duba littafin daga bango zuwa bango, babu bishiya a ciki. Wannan al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila bayan jaridar Illustrated London News ta buga zanen Sarauniya Victoria da mijinta Albert da 'ya'yansu kewaye da bishiya a 1848. Katin gaisuwa Henry Cole ne ya fara sa a buga, guda 1,000, a wannan shekarar ta 1843. Tsohon nan mai farin gemu da ke raba wa yara kyauta shi ma babu shi. Wata waƙa ce da jaridar Troy Sentinel ta jihar New York ta buga ranar 23 ga Disamba 1823, wadda daga baya aka jingina ga Clement Clarke Moore, ta tabbatar masa da barewa takwas da shigowa ta bututun hayaƙi a daren jajiberi. Kafin Dickens ma Ba'amurke Washington Irving ya riga ya ƙawata bikin wani tsohon gidan masu hali na karkarar Ingila a littafinsa The Sketch Book, wanda ya fito tsakanin 1819 da 1820. Rawar Nutcracker da ake cika zaure dominta duk Disamba daga tatsuniyar Bajamushe E.T.A. Hoffmann ta 1816 ta samo asali, Tchaikovsky ya yi mata kiɗa aka fara nuna ta a St. Petersburg a 1892. Hatta jawabin Sarki, na farkon da George V ya karanta a rediyo a 1932, Rudyard Kipling ne ya rubuta masa. Duk inda ka tona sai ka tarar da alƙalami.

Dusar ƙanƙarar ma haka. Katunan da ke bakin tagarmu duk fari fat suke, alhali abin da aka fi gani a Manchester da Landan ranar shi ne yayyafi da gajimare. Dickens ya yi yarintarsa a shekarun da sanyi ya tsananta, a 1814 kogin Thames ya daskare har aka ci kasuwa a kansa. Sanyin yarintarsa ya rubuta, jama'a kuma har gobe suna leƙa taga suna jiran ya sauko.

Abin da shi ya bayar shi ne jigon bikin: iyali kewaye da tebur ɗaya, abinci da zafinsa, tunawa da wanda ba shi da shi, da abin kunya ga mai hali da ya matse hannu. Har yau duk kamfanin da ya hana ma'aikatansa wani abu a Disamba, sunan Scrooge jaridu ke laƙaba masa.

Teburin nan kuwa yana yanka. Akwai wani dattijo da nake yi wa aski da wanka, tsohon makaniki, mutum mai barkwanci, wanda zaman kaɗaici bai taɓa damunsa ba a ranakun Allah. Ranar Kirsimeti tun safe ya sa na ɗaura masa laktaye, ya zauna kusa da ƙofa. Ɗansa ya bugo waya da rana daga wani gari ya yi masa barka, suka yi dariya, aka ajiye. Da aka saka fim ɗin, aka kai wurin da Scrooge ke cin abincinsa shi kaɗai, sai dattijon ya juyo ya ce da ni a hankali: "Ni fa ban taɓa yin rowa ba." Na rasa amsa, na gyara masa bargo. A labarin Dickens kaɗaici hukunci ne, sakamakon mugun hali. A gidan da nake aiki kuwa ba sai ka yi laifi ba. Tsufa ne kawai, da 'ya'yan da neman abinci ya kai nesa, da abokan da suka riga ka tafiya. Labarin da ya koya wa ƙasa guda haɗuwa a tebur shi ya sa wanda bai samu kujera ba yake jin kamar ana tuhumarsa.

Littafin kansa 'yata ce ta shigo da shi gidana, don yana cikin waɗanda ake tambaya a jarrabawar kammala sakandare a Ingila. Na ɗauki nata na karanta da dare, duk gefen shafi ta cika shi da rubutu da jan biro. Fim yana bin Scrooge ne, shi ne tauraro. A takarda kuwa idona ya ƙi barin akawun.

Babana akawu ne. Ƙarfinsa kaf ya ƙare shi a riƙe wa wani Alhaji, ɗan kasuwar atamfa a Kano, littafin lissafi. Kuma in faɗi tsakani da Allah, Alhaji ba marowaci ba ne. Azumi na kamawa buhun gero da katon ɗin sukari sun iso gidanmu. Ƙaramar Sallah shadda ga Baba, atamfa ga Inna, yadi gare mu. Babbar Sallah nama ne har mu ba maƙwabta, wata shekarar ma rago sukutum. Unguwa duk ta shaida. Washegarin Sallah a yi mana wanka, a shafa mana mai, Baba ya tasa mu gaba zuwa gidan Alhaji. Mu durƙusa a zaure, shi yana gaba, hula a gyare, yana ta "Allah ya ƙara arziki, ranka ya daɗe, Allah ya bar mu tare." Albashi kuwa ya kafe wuri ɗaya shekara da shekaru, kuɗi na lalacewa, mudun hatsi na hawa. In kuɗin makaranta ya taso sai Baba ya je ya yi bayani. In Inna ta kwanta asibiti sai ya je ya yi bayani. Ba a taɓa hana shi ba, ko sau ɗaya. Amma sai ya je.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Baba ya koma ga Allah, shi ne na tsani durƙuson nan. Ina sanye da yadin Alhaji, cikina cike da naman Alhaji, ina kallon ƙeyar mahaifina a sunkuye, ina jin wani abu mai ɗaci yana taso mini. Ba Alhaji nake jin haushi ba. Baba nake jin haushi, don me zai yi ta godiya haka, mutumin da in ya yi kwana biyu bai je kanti ba lissafi rikicewa yake.

To, a tsakiyar littafin akwai wani wuri. Iyalan Cratchit, da 'ya'yansu shida, sun cinye 'yar dinyarsu da aka gaso musu a gidan burodi, kamar yadda talakawan Landan ke yi a lokacin. Sai Bob ya ɗaga kofi ya nemi a yi wa Scrooge fatan alheri, wai albarkacinsa aka ci. Matarsa ta hau, ta zazzage abin da ke cikinta game da mutumin. Sai da ya tuna mata da yara da darajar ranar sannan ta sauko, ba don ranta ya so ba. Nan na kife littafin, don Innata na gani. Duk daren Sallah in an gama cin abinci Baba zai ce, "Ku sa wa Alhaji albarka." Inna daga madafa za ta ce, "Allah ya yi masa albarka, ya kuma tuna masa shekara wata goma sha biyu ce." Baba ya ce, "Ke dai, yau Sallah." Ta ce, "Ai na yi shiru, Malam." Baturen da ya mutu a 1870 bai san akwai mu ba, amma ya san gidan akawu, don a ciki aka haife shi.

Sai ƙarshen labarin, wanda ya kamata a karanta a tsanake. Abu biyu Scrooge ya yi wa akawunsa bayan ya shiryu. Da safen Kirsimeti ya aiki wani yaro shagon mai kaji, wanda a buɗe yake ranar, ya sayi talotalon da ya fi kowane girma, naman da a lokacin sai masu hali, ya sa aka kai gidan Cratchit a Camden Town, ya kuma ƙudura cewa ba za su san wanda ya aiko ba. Ko gudummawar da ya yi wa masu tara taimakon da ya kora jiya, a kunne ya raɗa adadinta. Washegari kuma ya riga Bob zuwa ofis. Bob ya makara, ya shigo yana rawar jiki, Scrooge ya ɗaure fuska kamar zai kore shi, sannan ya sanar da shi zai ƙara masa albashi, zai tallafa wa iyalinsa, ya kuma umarce shi ya ƙara wuta a murhu. Kyautar ya ɓoye ta, babu wanda zai tara 'ya'ya ya zo godiya. Albashin kuwa ido da ido ya faɗa, a wurin aiki, ranar aiki.

Al'ada ta ɗauki talotalon ta bar albashin. Ta ma juya tsarin: kyauta a gaban kyamara, albashi kuwa maganar da ba a so a tayar.

Kada a ce na raina alherin Disamba. Yana da yawa, kuma na gaske ne. Ƙungiyar Crisis, da aka kafa a 1967, tana buɗe wurare ga marasa matsuguni duk Kirsimeti. Jaridu na buɗe asusun taimako. Dickens da kansa ya karanta littafin nan a 1858 don tara wa asibitin yara na Great Ormond Street kuɗi. Ni ma na ci daga cikin wannan alheri. Hunturuna na farko a ƙasar, aiki bai kankama ba, kuɗin da na zo da su haya da wuta sun lashe, na bi layin rumbun abincin taimako a zauren wani coci. Matar da ke rabo ta dubi sunana, ta cire gwangwanin naman alade ta sa mini kifi, ta ƙara da 'yar leda ta alewa saboda yarinya. Na karɓa. Ina juyawa na ji bakina yana zuba godiya, kaina a ƙasa, ina maimaitawa, ina ƙarawa, har sai da matar ta ji nauyi. Muryar Baba ce sak. A hanyar komawa gida, ledoji na yanka mini yatsu cikin sanyi, na gane cewa mai 'ya'ya ba ya zaɓen yadda zai yi godiya. Durƙuson da na tsana ashe wani kuɗin makaranta ne da Baba ke biya da gwiwarsa.

Yanzu aiki ya samu, alhamdu lillahi. Duk Disamba kamfanin da nake wa aiki yakan aiko wa kowannenmu kwalin cakulan da kati mai sa hannun da inji ya buga, a ɗauke mu hoto da hulunan takarda a saka a shafinsu na Facebook. Albashi kuwa daidai layin da doka ta ce kada a gaza shi. Janairu na kamawa a rage sa'o'in aiki. Abokiyar aikina, wata Baturiya mai jikoki, takan karɓi nata kwalin ta ce a ba ta kuɗin cakulan ɗin ta zuba a mitar wuta.

George Orwell, a sharhin da ya yi kan Dickens a 1940, ya lura cewa mutumin bai taɓa neman a sauya tsarin da ke haifar da talauci ba, so yake kawai masu hali su zama mutanen kirki. Sukar tana kan hanya. Tiny Tim, gurgun ɗan Cratchit, ya rayu ne don zuciyar mutum ɗaya ta yi laushi, kuma sai da fatalwa huɗu suka kwana suna aiki. Akawun da ubangidansa bai ga fatalwa ba fa? Dickens yana son talaka mai haƙuri da godiya, wanda ba ya ɗaga murya. Littafin ma sule biyar aka sa masa, wato sulusin albashin Cratchit na mako, ba gidansa aka buga wa ba. Shi kansa marubucin matsin kuɗi na cikin abin da ya zaunar da shi rubutun, kuma ya ji takaici da ribar bugun farko ta tsaya fam 230 saboda tsadar bango da zane mai launi da ya dage a yi. Ciniki da tausayi tare suka shigo bikin tun ranar farko.

Akwai kuma abin da na tabbatar 'yata ta sani, ko da ba za a tambaye ta a jarrabawa ba. Mutumin da ya zana wa duniya iyali a tebur ɗaya ya rabu da matarsa Catherine a 1858, bayan ta haifa masa 'ya'ya goma, ya kuma kai maganar jarida. A littafinsa Bleak House ya yi wa wata Misis Jellyby ba'a don ta shagala da taimakon mutanen wani ƙirƙirarren gari a bakin kogin Kwara, 'ya'yanta na gararamba a gida. Ba'ar da gaskiyarta, wanda bai share gidansa ba ba ya share na wani. Amma a sharhin da ya rubuta a 1848 kan ayarin Turawan da suka shigo Kwara a 1841, waɗanda suka yi yunƙurin kafa gona a wajen Lokoja zazzaɓi ya kashe da yawansu, yadda ya siffanta baƙar fata babu mutuntawa a ciki. Tausayinsa yana da iyaka, iyakar kuma ba ta iso gaɓar ruwanmu ba. Wannan bai hana ni karɓar gaskiyar da ya faɗa a kan akawu ba. Ya dai hana ni ɗaukarsa waliyyi.

Duk da kasawarsa, ɗan abin da ya nema ma rabi aka yi. Shekara fiye da 180 ana buga littafin, ana wasa da shi a dandamali, ana koyar da shi ga yara, garin Rochester na shirya biki da kayan zamaninsa duk Disamba, amma shafin ƙarshe, inda aka zauna aka yi maganar albashi, bai zama al'adar kowa ba. Babu katin da ake bugawa dominsa, babu ranar da aka ware masa.

Da Baba ya tsufa ido ya fara gazawa, Alhaji ya biya masa kujerar Makka, aka yi walima, aka yi ta sa albarka. Fansho babu, don ba a taɓa yin maganarsa ba. Mu 'ya'yansa muka riƙe shi har ƙarshe, kuma bai daina yi wa Alhaji addu'a ba. Ni ma yanzu ina yi masa, da zuciya ɗaya, don ya yi abin da ya ga ana yi, ya ma fi da yawa.

A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Akawun kanti, da direban gida, da mai gadi, da 'yar aiki, duk a hannun ubangidansu suke. Idan kana da ɗaya daga cikinsu, kafin ka aika kasuwa a yanko shaddar Sallah, ka buɗe littafinka ka duba yaushe rabon da ka ƙara masa albashi, ka kuma tambayi nawa ake sayar da mudun shinkafa yau. Ka kira shi ranar aiki ku yi maganar. Shaddar kuma ka aika masa ta hannun wani, kada ka bari ya taso 'ya'yansa su zo godiya.